Yadda Namiji Zai Tara Suturar Mutunci Ba Tare da Ƙyale-ƙyale Ba

Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure a garin Bauchi, ko ya tsaya a harabar babban masallacin ƙofar fada bayan an idar da sallar Juma'a, ya san akwai mutane iri biyu da ido yake sauka a kansu. Akwai wanda shaddarsa take ɗaukar ido tun daga nesa, aiki ya cika ƙirji har ya gangaro ciki, agogo yana walƙiya, turare kuma ya riga shi isowa. Akwai kuma wanda ba za ka lura da shi ba sai ya matso kun gaisa, a nan ne za ka ga yadda yadin ya kwanta a kafaɗarsa, yadda hular ta zauna, yadda takalmin ya sha mai, ka gane cewa wannan mai abin hannu ne wanda bai damu a sani ba. Shigar mutum na biyu ba ta attajirai kaɗai ba ce. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa mai tasowa, zai iya kaiwa gare ta cikin shekara biyu ko uku, matuƙar ya yarda ya rage yawan abin da yake saya, ya ƙara ingancinsa, ya kuma bi al'amarin daki-daki.

Mutanen Bauchi ba sai sun nemi abin koyi a nesa ba. Wanda ya duba hotunan marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa na shekarun 1960 zai ga Firayim Ministan ƙasa guda cikin babbar riga da hula, babu wani tarkace, kuma har yau babu wanda zai kalli hotunan ya ce shigar ta tsufa. Abin da ake nema ke nan, wato suturar da yayi ba ya kashe ta.

Mataki na farko: zazzage akwati

Kafin ka sayi ko da yadi ɗaya, ka fito da duk kayan da ka mallaka ka baza su a kan gado, ka raba su kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda suke yi maka daidai, launinsu bai koɗe ba, kuma kana jin daɗin sa su. Na biyu su ne masu yadi mai kyau da ɗinki ya ɓata, ko jikinka ya canza suka daina zama, waɗannan tela zai iya ceto su. Na uku su ne waɗanda ka yi shekara guda ba ka taɓa ba, da ankon bukukuwan da suka wuce, da duk rigar da hammatarta ta rine ko wuyanta ya cinye. Kashi na uku ka bayar da su tun suna da sauran amfani ga wani.

Daga nan sai ka dubi yadda makonka yake tafiya da gaske. Kwana nawa kake zuwa ofis ko shago, sau nawa kake zuwa ɗaurin aure da suna a wata, kana yawan tafiya a mota zuwa Azare ko Gombe ko Abuja, ko kuwa babur ne abin hawanka? Mutumin da yake wuni a shago ya fi buƙatar kaftani masu jure wanki a kan babbar riga ta uku, kuma wanda yake hawa babur kullum zai sha wahala idan ya cika akwatinsa da fararen kaya.

Mataki na biyu: tsayar da launi

Ka zaɓi launuka huɗu ko biyar ka tsaya a kansu. Fari shi ne kan gaba, domin shi addini ya kwaɗaitar da sawa, shi ne kuma ake shiga da shi masallaci da gaban sarki da gidan ta'aziyya ba tare da an yi kuskure ba. Bayansa sai ruwan madara, ruwan toka, shuɗi mai haske irin na sararin sama, shuɗi mai duhu, da ruwan ƙasa. Waɗannan duk suna jituwa da juna, wanda yake nufin hula ɗaya da takalmi ɗaya za su yi wa riguna da yawa aiki. Ruwan goro mai ƙarfi, da ja, da kore shar, da rawaya, ka bar wa samarin da suke gasar a gan su. Idan ranka yana son kore, ka nemi mai duhu wanda ya doshi baƙi.

Yanayin garin ma yana da ta cewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana bayyana nan take a kan baƙin yadi da shuɗi mai duhu, yayin da ruwan toka da ruwan ƙasa suke ɓoye ta. A zafin Maris da Afrilu kuwa launi mai haske ne yake barin jiki ya sarara.

Mataki na uku: sanin yadi

A nan ne rabin aikin yake, a nan ne kuma aka fi cutar masu saye. Ƙa'idar farko ita ce auduga. Yadin da robarsa ta yi yawa yana riƙe zafi da warin gumi, yana ƙyalli irin na leda a rana, kuma da zarar dutsen guga ya ɗan yi zafi sai ya bar tabo mai sheƙi wanda ba ya fita. Mai ido yana gane shi daga taku goma.

Shaddar da ta fi suna a kasuwanninmu ita ce ta kamfanin Getzner, wanda yake garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, kuma asalinsa ya koma shekarar 1818. Sunan da ya yi ne ya sa jabunsa ya cika gari, har ya zama an fi sayar da suna a kan kaya. Ba dole ne ka sayi Getzner ba. Akwai shaddoji masu matsakaicin kuɗi na auduga zalla waɗanda za su yi maka shekaru, kuma shadda mai matsakaicin daraja ta gaskiya ta fi ta jabu mai babban suna nesa ba kusa ba. Abin da ake so shi ne ka san abin da ka biya kuɗinsa.

Idan ka shiga shagon yadi, a Kasuwar Wunti ne ko Babbar Kasuwar Bauchi, ko ka yi tattaki zuwa Kantin Kwari a Kano inda zaɓi ya fi yawa, ka yi waɗannan gwaje-gwaje ba tare da jin nauyi ba. Ka fara juya yadin ka dubi bayansa, domin zanen shadda ta gaskiya saƙa shi ake yi a cikin yadin, shi ya sa za ka gan shi a baya a kife, inda ya yi sheƙi a gaba ya dushe a baya. Zanen da aka buga a fuska ɗaya kawai ba shadda ba ce. Sai ka ɗaga yadin ka hango haske ta cikinsa, ka ga ko saƙar ta haɗu sosai ko kuwa tana da taga-taga. Sai ka damƙi gefe guda a tafin hannunka ka murza. Idan wani farin gari ya manne maka a yatsu, ko wurin ya saki ya zama tsumma, to sitaci aka ɗura masa domin ya yi nauyi, kuma wankin farko zai tona asirinsa. Ka duba bakin yadin inda kamfanoni suke sa sunansu, ka lura ko rubutun ya fito tsaf ko ya yi dishi-dishi, amma kada ka dogara da wannan kaɗai, saboda masu jabu sun iya kwaikwayon suna fiye da yadda suka iya kwaikwayon saƙa.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Ka roƙi mai shago ya zaro maka zare biyu ko uku daga bakin yadin, ka fita waje ka kunna musu ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin takardar da ta ƙone, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ɗan kasuwar da ya amince da kayansa ba ya jin haushin wannan, wanda kuwa ya ɓata rai ya riga ya ba ka amsa. Idan ka dace da mai gaskiya, ka riƙe shi, domin da ya san kai mai dawowa ne zai riƙa ajiye maka abu mai kyau yana kuma gaya maka wanda bai kamata ka taɓa ba.

Wajen zane, ka zaɓi ƙanana waɗanda ba a ganinsu sai an matso. Manyan furanni da taurari masu faɗin tafin hannu suna janye ido daga fuskar mai rigar, kuma su ne suke saurin fita yayi. Sheƙi ma a yi shi da sauƙi, shaddar da take ƙyalli tun tana cikin leda za ta ninka haka a rana.

Domin sawa yau da kullum, yadi mara zane na auduga mai ɗan nauyi ya fi shadda dacewa, kuma yadin da ake kira atiku, mai ƙananan layuka ko ɗigo a cikin saƙarsa, yana daga cikin waɗanda suke zama da kyau a ofis. Boyel mai laushi yana da daɗi a lokacin zafi, sai dai shara-shara ne, dole a sa farar singileti mai hannu a ƙarƙashinsa. Game da yawan da za ka yanka, mutum matsakaici yana buƙatar yadi huɗu zuwa biyar domin kaftani da wando, cikakken saitin babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa yadi goma aka saba yanka. Ka tuna cewa yadi ɗaya inci 36 ne, wato kimanin santimita 91, saboda haka mita ta fi yadi tsawo, kuma ya kamata ka tambayi mai shago da wanne yake awo. Dogon mutum ko mai jiki ya ƙara rabin yadi, domin ƙarancin yadi ne yake sa tela ya yi dabarar haɗe-haɗe a inda bai kamata ba.

Mataki na huɗu: tela da awo

Yadi mai tsada a hannun tela mara ƙwarewa asara ce biyu. Hanya mafi sauƙi ta samun tela ita ce ka lura da mutumin da ɗinkinsa yake burge ka, ka gaishe shi ka ce, "Alhaji, don Allah wa yake yi maka ɗinki?" Babu wanda yake jin haushin wannan tambaya. Idan ka je shagon, kada ka kai shaddarka mai tsada a karon farko. Ka kai yadi mai sauƙin kuɗi ya ɗinka maka kaftani ɗaya, ka sa, a wanke sau biyu, sannan ka yanke hukunci. Ka juya rigar ka dubi cikinta, domin a can ne halin tela yake. Ɗinki ya tafi a miƙe da ƙananan taku, bakin yadi a kalmashe ko a ɗaure yadda ba zai zare ba, babu zaren da yake reto, ramukan maɓalli kuma a tsaftace.

Lokacin awo ka je da irin takalmin da za ka riƙa sawa, ka tsaya yadda ka saba tsayawa, kada ka shanye ciki. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare, idan ya zarce sai rigar ta zama kamar ta aro, idan ya gaza sai ta riƙa ja a ƙirji. Hannu ya sauka a kan ƙashin wuyan hannu. Wuyan riga, idan an ɓalla shi, ya bar wurin yatsu biyu. Tsawon kaftani ya wuce gwiwa ya tsaya wajen tsakiyar ƙwauri, wando kuma ya tsaya a idon sawu ko sama kaɗan, wanda ya dace da koyarwar addini ya kuma hana bakinsa sharar ƙasa.

Matsattsen ɗinkin da ya yi tashe a tsakanin samari, mai kama damtse da cinya, ba ya cikin wannan tsari. Haka nan burmemen ɗinkin da mutum yake ɓacewa a cikinsa. Ma'aunin da ya fi kowane tef shi ne wannan: ranar da ka je karɓa, ka sa kayan a shagon, ka yi ruku'u, ka durƙusa kamar mai gaida babba, ka zauna ka tanƙwashe ƙafa. Idan wani wuri ya ja, ko tsagar gefe ta buɗe har ana ganin mazargin wando, a gyara kafin ka biya cikon kuɗi. Ka ce masa, "Malam, a ɗan sassauta mini nan," kuma ka jira a yi. Telan kirki ya fi son mai gaya masa gaskiya a shago a kan mai zaginsa a majalisa.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata ka faɗa tun farko. Idan shadda ce, a yanka gaba da baya da hannuwa duk su fuskanci gefe ɗaya, domin idan aka juya wani yanki sai haskensa ya bambanta da sauran, rigar ta zama kamar an haɗa ta da yadi biyu. Idan yadin auduga ne mara sheƙi, a jiƙa shi a shanya kafin a yanka, saboda yana ɗan shiga bayan wankin farko. A bar rara a kalmasar ƙasa da ta gefe ko jiki zai ƙaru. Aljihun gefe ya yi zurfin da waya da makulli za su shige ba tare da sun yi tudu ba, aljihun ƙirji kuwa ka bar shi babu komai, ko biro ɗaya tak. Maɓallai su kasance ƙanana masu launin yadin, ko a ɓoye su a ƙarƙashin shafi.

Batun lokaci kuma kowa ya san shi amma kowa yana faɗawa. Telan da aka kai wa ɗinki a goman ƙarshe na azumi ba shi ne zai ɗinka ba, yaransa ne za su ɗinka da tsakar dare. Ka kai kayan ƙaramar Sallah tun a Rajab ko Sha'aban, sauran ɗinkunanka kuma ka bari sai bayan babbar Sallah, lokacin da shaguna suka yi sauƙi maigidan da kansa yake zama a kan keke.

Mataki na biyar: aiki da babbar riga

A kan kaftani, aiki kaɗan ne ake so, siririn layi a wuya da gaban riga da bakin hannu, da zare mai launin yadin ko wanda ya ɗan fi shi duhu. Zare mai ruwan gwal, da duwatsu masu ƙyalli, da tambarin kamfanonin Turai da ake bugawa da kwamfuta a ƙirji, duk suna rage wa riga daraja ko da yadinta na kirki ne. A ra'ayina kaftanin da babu aiki ko kaɗan a jikinsa, idan yankan ya fita, ya fi kowane nuna cewa mai shi ya amince da yadinsa da telansa.

Babbar riga kuwa da aikinta aka san ta, kuma a nan ne ya cancanci mutum ya kashe kuɗi sau ɗaya ya huta. Tsofaffin zanuka irin su aska biyu da aska takwas sun daɗe ana yin su kuma ba su taɓa zama abin dariya ba. Aikin hannu, wanda Zariya ta yi suna a kansa, yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma ana gane shi da yadda yake kwanciya da laushi a jikin yadi, saɓanin na inji da yakan yi tauri ya sa gaban riga ya tsaya ƙiƙam. Idan ƙarfinka bai kai na hannu ba, surfani mai tsafta da farin zare a kan farar shadda ya wadatar. Babbar riga biyu sun ishi yawancin mutane, fara ɗaya, da wata mai ruwan toka ko shuɗi mai haske. Ka koyi saɓa hannuwanta a kafaɗa yadda za su zauna, domin mutumin da yake ta gyaran riga kowane minti yana nuna bai saba da ita ba, kuma sabo yana zuwa ne da yawan sawa, saboda haka kada ka jira sai Sallah, ka riƙa sa ta ranar Juma'a.

Mataki na shida: hula

Hula ce take kusa da fuska, ita ido yake fara gani. Zanna bukar da sauran hulunan saƙar hannu na ƙasar Borno su ne kan gaba, musamman aikin mutanen Bama, waɗanda da yawansu suka koma Maiduguri da sana'arsu bayan rikicin da ya tashi garin a 2014. Ka leƙa cikin hular ka dubi bayan aikin. Na hannu yana da cika da nauyi, da ɗan bambancin taku wanda inji ba ya yi, na inji kuwa sumul yake kuma yakan saki bayan wanki kaɗan. Ka auna kanka da tef ka san lambarka, domin da inci ake sayar da hula, kuma rabin inci yana raba hular da ta zauna da wadda take barin zane a goshi.

Huluna uku masu kyau sun fi goma na banza. Ka nemi ɗaya mai farar ƙasa da zane mai sanyi, ɗaya mai duhu, da wata farar hula mai sauƙi ta zuwa masallaci da ta'aziyya. Ba dole ne launin hula ya zama na riga sak ba, ya isa a ce wani zare a cikinta ya ɗauko launin rigar. Kada ka wanke ta a gida, ka kai wa masu wankin hula su goge ta su sa mata sitaci su ɗora ta a kan abin da zai riƙe mata tsayuwarta har ta bushe. Kada ka sa hula ɗaya kwana biyu a jere a lokacin zafi, saboda gumin da bai bushe ba shi ne yake cin bakinta.

Mataki na bakwai: takalmi da sauran ƙananan kaya

Takalmi ƙafa biyu na fata ta gaskiya, baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, za su ɗauki duk launukan da aka ambata. Tunda muna yawan cire takalmi a masallaci da zaure, wanda ake zura ƙafa ba tare da igiya ba ya fi sauƙi, ko rufaffe ne ko mai buɗaɗɗen baya. Ka guji mai babban ƙarfe ko tambari a goshi, da mai dogon baki. Fatar gaske tana da ƙamshinta da ƙananan ƙofofin gashi, tana yin laushi da tsufa, ta roba kuwa ɓarewa take yi a inda ƙafa take lanƙwasawa. Ba sai na waje ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin fataucin hamada, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi, kuma har yanzu akwai dukawa da masu haɗa takalmi da za su yi maka na ƙafarka idan ka ba su lokaci. Ka riƙa hutar da takalmi kwana ɗaya bayan an sa shi, a goge ƙura kafin a shafa mai, idan ƙasansa ya cinye a canza ƙasan maimakon a yar da shi. A hunturu kuma ka kula da dugaduganka da man kaɗanya, domin faso yana rushe duk abin da takalmi mai tsada ya gina.

Agogo ya kasance mai matsakaiciyar fuska, da madaurin fata ko farin ƙarfe. Seiko ko Casio na gaskiya ya fi Rolex na jabu mutunci, saboda waɗanda kake so su yaba su ne suka fi kowa gane jabu. Zinare da alharini haramun ne ga namiji Musulmi, wannan ya rage maka wahalar zaɓi, zoben azurfa guda ɗaya ya isa. Turare a sa shi yadda sai wanda ya ba ka hannu ne zai ji, kuma mai maiƙo irin su ud a shafa shi a fata ko a cikin riga, domin yana barin tabo a kan farar shadda. Aski, gyaran gemu, yankan farce da farar singileti mai tsafta ba sa cin kuɗi, amma rashinsu ba ya ɓoyuwa.

Wanda aikinsa ya tilasta masa kwat, kamar lauya ko ma'aikacin banki, ya sami ɗaya mai shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu na ulu mara nauyi, da fararen riguna na ciki, ya kai wa tela a daidaita masa hannu da ƙugu. Domin sanyin Disamba ko tafiya Jos, rigar sanyi mara rubutu wadda za ta shige ƙarƙashin kaftani ta wadatar.

Mataki na takwas: wanki, guga da ajiya

Yawancin shaddoji a wurin wanki suke mutuwa. Ka zauna da mai wankinka ka yi masa bayani. Shadda ba ta son a jiƙa ta ta kwana, ba ta son bilic ko garin sabulu mai ƙarfi, ba ta son burushi, ba ta son a murɗe ta wajen matsewa. A wanke ta da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa, musamman mai launi. Fararen kaya a wanke su daban, bula kuma a sa kaɗan, domin idan ta yi yawa fari yana komawa shuɗi-shuɗi. Sitaci ma kaɗan, yadda riga za ta tsaya ba tare da tana ƙara idan an motsa ba. A yi guga ta baya tun rigar tana da ɗan danshi, a ɗora ƙyalle a kan aiki, idan kuma dutsen gawayi ake amfani da shi saboda rashin wuta, a kula da tartsatsi. Babbar riga ta shadda ta fi son bugu a kan guga, domin bugu ne yake dawo mata da sheƙinta na asali ba tare da zafi ya ƙona zaren ba. Ba kuma kowace sawa ce take buƙatar wanki ba, babbar rigar da aka sa awa biyu a kan 'yar ciki ana iya baza ta ta sha iska a ninke.

Kaftani a rataye shi a maratayi mai faɗin kafaɗa, babbar riga kuwa a ninke ta a kwantar, saboda nauyin aiki yana jan wuyanta idan ta daɗe a rataye. A sa kafur saboda asu, kuma a damina a riƙa buɗe akwati lokaci-lokaci, kada a bar kaya cikin ledar mai wanki, domin tana tara danshi har fari ya yi ɗigo-ɗigon baƙi.

Mataki na tara: jeren saye da lissafin kuɗi

Kada ka yi ƙoƙarin haɗa komai a wata ɗaya, kuma kada ka ci bashi saboda sutura. Ka fara da kaftani biyu na yau da kullum da takalmi ɗaya mai kyau, sai hula, sai farar shadda ta Juma'a, sai babbar riga a shekara ta biyu. Inda za a dosa shi ne kaftani shida ko bakwai na aiki, shadda uku ta fita, babbar riga biyu, hula uku da takalmi biyu ko uku, da jallabiya ta zaman gida.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma lissafi yana goyon bayansu. A matsayin misali kawai, kayan da suka ci naira 60,000 aka sa su sau 120 sun tashi a kan naira 500 kowace sawa, waɗanda aka saya 20,000 suka koɗe bayan sawa goma kuwa sun tashi a kan 2,000. Da wannan ma'auni za ka gane cewa kaftanin ofis, wanda ake sawa kowane mako, shi ya fi cancantar yadi mai kyau a kan kayan da ake fitowa da su sau ɗaya a shekara.

Babban abin da yake cinye kuɗin suturar matasa shi ne ankon abokan ango, wanda wani ne yake zaɓar launinsa, kuma sau da yawa ba a sake sa shi. Ba duka za ka iya ƙi ba, saboda zumunci, amma kana iya taƙaita shi ga 'yan'uwa da aminai na kusa, sauran bukukuwan ka je da farar shaddarka ka ba ango gudummawarsa a hannu. Idan ka karɓi yadin anko, ka kai wa telanka ya ɗinka shi a kan awonka da salonka, babu aikin da zai nuna na biki ne, domin ya shiga cikin kayan aikinka bayan an watse. Idan kuma kai ne ango ko babban abokinsa, ka zaɓa wa jama'a ruwan toka ko ruwan madara na auduga, wanda kowa zai iya sawa zuwa ofis ranar Litinin.